Akwatin da ke Gefen Gadon Baba: Me Yake Amfanawa a Gaskiya?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce wata uku da suka wuce aka dasa wa mahaifinta ICD, wato na'urar da ke lura da bugun zuciya tana gyara shi idan ya rikice, a ƙirji saboda raunin zuciya, kuma ranar da za a sallame shi aka haɗa shi da wani ɗan akwati, aka ce ya jona shi a gefen gado domin asibiti su riƙa duba na'urar daga nesa. Tana son sanin ko akwatin yana da amfani na gaske ko ƙarin kaya ne kawai, ko yana hana mutuwa, da kuma ko asibiti za su sani nan take idan Baba ya faɗi cikin dare.

'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce wadda kuskure a kanta yake iya jawo asarar rai. Akwatin nan ba ya kiran motar asibiti, kuma babu wani mutum da ke zaune gaban kwamfuta dare da rana yana kallon bugun zuciyar Baba. Yawancin asibitoci suna buɗe saƙonnin ne a lokutan aiki, wasu ma ba sa buɗewa a ƙarshen mako. Idan Baba ya suma, ko ƙirjinsa ya riƙe, ko numfashi ya gagare shi, a garzaya da shi sashen gaggawa kamar babu akwatin a duniya. Na sha ganin iyali sun zauna suna jiran kira, suna cewa ai likita ya gani. Ki faɗa wa duk wanda ke kwana a gidan wannan magana, ki maimaita musu.

Yanzu ga abin da akwatin yake yi. Na'urar da ke ƙirjin Baba ƙaramar kwamfuta ce mai batir, da siraran wayoyi ɗaya ko biyu ko uku da aka zura ta jijiya har cikin zuciya. Aikinta na farko shi ne ta saurari kowane bugu. Idan bugun ya yi jinkiri sai ta tunzura zuciyar. Idan ɗakunan ƙasa na zuciya suka ɗauki mugun gudu irin mai kisa, sai ta gwada karya shi da 'yan bugu masu sauri waɗanda mutum ba ya ji, in ya ƙi sai ta saki shokin. Duk wannan tana yinsa ita kaɗai, da akwati ko babu. A lokaci guda kuma tana rubuta komai: ƙarfin batirinta, lafiyar wayoyinta, duk wani rikicin bugu da ya faru da ranarsa da sa'arsa, har da yawan motsin da mutum ya yi a yini. Akwatin ɗan aike ne. Da dare, Baba yana barci, sai ya karɓi wannan rubutu daga na'urar ta iska, ya tura ta hanyar sadarwar wayar salula zuwa rumbun kamfanin da ya ƙera ta, daga nan asibiti su buɗe. Medtronic suna kiran nasu tsarin CareLink, Boston Scientific suna da Latitude, Abbott suna da Merlin, Biotronik kuma Home Monitoring. Wasu sababbin na'urori ma ba sa bukatar akwati, manhaja ce a wayar hannu da ke magana da na'urar ta Bluetooth.

Domin ki ga darajar abin, ki dubi yadda ake yi kafin zuwansa. Tun 1958 da aka fara dasa na'urar daidaita bugun zuciya a jikin mutum a ƙasar Suwidin, da kuma 1980 da aka dasa ICD ta farko a asibitin Johns Hopkins na Amurka, hanyar dubawa ɗaya ce: maras lafiya ya zo asibiti, a ɗora masa wani abu a ƙirji, a karanta. Mai ICD yakan zo duk wata uku zuwa shida. To, idan waya ta fara tsagewa kwana biyu bayan an duba shi fa? Na'urar ta sani, ta rubuta, amma rubutun yana kulle a ƙirjinsa har sai ranar da zai dawo. Wannan tazara tsakanin faruwar matsala da sanin likita, ita ce akwatin ya zo ya rage, kuma a nan hujjarsa ta fi ƙarfi. A binciken TRUST da aka buga a 2010, wanda ya haɗa masu ICD 1,339 a Amurka, rikicin bugun zuciya yakan kai ga idon likita cikin ƙasa da kwana 2 ga masu akwati, alhali waɗanda ke jiran ranar asibiti sai an kwashe kusan kwana 36. Zuwa asibiti domin duba na'ura kuma ya ragu da kashi 45 cikin 100, ba tare da an ga ƙarin mutuwa ko shanyewar ɓarin jiki ba. Binciken CONNECT na 2011, mai mutum 1,997, ya auna lokacin da ake ɗauka daga faruwar abu zuwa yanke shawarar likita: kwana 4.6 ga masu akwati, kwana 22 ga sauran.

Bari in nuna miki abin da waɗannan kwanaki suke nufi a jikin mutum. Wayar da ke cikin zuciya tana lanƙwasa da kowane bugu, wato sau kusan dubu 100 a yini, shekara da shekaru. Wata rana sai ƙarfen cikinta ya fara karyewa. Ƙarshen karayar biyu suna gogar juna, suna haifar da wani tartsatsin lantarki, na'urar kuma ba ta iya bambance shi da mugun gudun zuciya. Sai ta saki shokin a kan mutumin da yake zaune lafiya lau, idonsa biyu. Waɗanda abin ya same su sukan ce kamar doki ne ya harbe su a ƙirji. Kuma da yake shokin ɗin ba ya kawar da tartsatsin, sai ta sake, ta sake. Na taɓa duba wani dattijo da ya sha irin wannan sau da yawa a jere cikin dare ɗaya. An gyara masa wayar, amma ya fi wata shida ba ya yarda ya zauna shi kaɗai a ɗaki, ba ya yarda ya hau bene. Da muka buɗe tarihin na'urarsa, sai ga alamun nan tun makonni kafin daren: ma'aunin juriyar wayar yana tsalle, ga 'yan gajerun tartsatsi da rana. Ba shi da akwati. Da yana da shi, da saƙon ya iso mana da safe, mu kira shi, mu kashe shokin ɗin a ƙarƙashin kulawa, mu sauya wayar kafin ya ɗanɗana ko ɗaya.

Wannan ba labarin mutum ɗaya ba ne. A binciken ECOST na ƙasar Faransa, mai mutum 433, yawan waɗanda suka sha shokin ba bisa dalili ba ya ragu da kusan rabi a cikin masu akwati. Kuma duk lokacin da na'ura ta yi cajin shokin tana cin batir sosai, don haka rage shi yana ƙara mata kwana. Haka nan idan aka gano wani samfuri yana da aibi daga masana'anta. A 2007 an janye wayar Sprint Fidelis daga kasuwa saboda yawan karyewa, a 2016 kuma aka yi gargaɗi a kan wasu na'urorin St. Jude Medical da batirinsu ke iya mutuwa da wuri. Ba za a iya fiɗe kowa a cire masa ba, domin cirewar ma tana da nata haɗarin. Abin da ya rage shi ne sa ido na kusa, kuma babu asibitin da zai iya kiran ɗaruruwan mutane kowace safiya. Akwatin yana iya wannan.

Abu na biyu da yake kamawa shi ne karkarwar ɗakunan sama na zuciya. Maimakon su matse da tsari, sai su riƙa rawa, jini ya kwanta a wani lungu ya yi guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Mutane da yawa ba sa jin komai lokacin da abin ke faruwa. Binciken ASSERT na 2012 ya bi mutum 2,580 masu na'ura, 'yan shekara 65 zuwa sama masu hawan jini, ya tarar kusan ɗaya cikin goma sun yi irin wannan karkarwa ta ɓoye cikin wata uku kacal, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare su ya ninka sau biyu da rabi. Sai dai a nan gani ya fi hukunci sauƙi. Idan karkarwar ta wuce awa 24 kuma mutum yana da sauran abubuwan haɗari, yawancinmu za mu ba da maganin hana gudan jini. Idan ta mintuna ce ko 'yan awoyi, sai an zauna an auna. A 2023 bincike biyu suka fito a kan wannan. NOAH-AFNET 6 an tsayar da shi da wuri, bai nuna riba bayyananniya ba, ga ƙarin zubar jini. ARTESiA, mai mutum 4,012, ya nuna maganin apixaban ya rage shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya da kashi 37 cikin 100 idan aka kwatanta da asfirin, amma babban zubar jini ya ƙaru. Don haka idan aka kira ku aka ce an ga karkarwa, kada ku ɗauka dole a fara magani ranar. Ga mai ICD kamar Baba akwai ƙarin dalilin son sani da wuri: karkarwar nan idan ta ja bugun zuciya ya yi sauri, na'urar tana iya ɗaukarsa mugun gudu ta saki shokin, kuma raunanniyar zuciya ba ta jure saurin na tsawon makonni.

Yanzu ga tambayarki mai nauyi, ko yana hana mutuwa. Zan ba ki amsar yadda take, domin masana kansu ba su gama daidaita baki ba. A 2014 aka buga binciken IN-TIME a mujallar Lancet, wanda likitocin Jamus suka jagoranta. Mutum 664 ne, dukansu masu raunin zuciya da na'ura irin ta Baba ko mai waya uku. Cikin shekara ɗaya mutum 10 suka rasu a ɓangaren masu sa ido daga nesa, 27 a ɗaya ɓangaren. Wannan bambanci ya girgiza mu duka. Amma a 2017 sai ga REM-HF daga asibitoci 9 na Ingila, da mutum 1,650 da aka bi kusan shekara uku, kuma bai ga bambanci ba, ko a mutuwa ko a kwanciya asibiti. Wasu binciken ma sun fito kamar na Ingila.

Me ya raba su? A IN-TIME na'urar tana turo saƙo kowace rana da kanta, ba sai maras lafiya ya danna komai ba. Akwai cibiya guda da ma'aikatanta ke duba saƙonnin a ranakun aiki, suna tabbatar da cewa asibitin mutum ya gani, asibitin kuma ya ɗaga waya ya tambaye shi: yaya numfashi, ƙafa ta kumbura, kana shan magani? A REM-HF sau ɗaya a mako ake turowa, kuma mutanen dama suna samun kulawa mai kyau ƙwarai, wadda ke da wuya a ɗara. Dole kuma in faɗa miki cewa mutuwa ba ita ce babban ma'aunin da aka gina IN-TIME a kansa ba, kuma 10 da 27 ƙananan lambobi ne da sa'a za ta iya taɓawa. Ra'ayina, bayan shekaru ina karanta waɗannan saƙonni, shi ne ba zan yi wa kowa alkawarin cewa akwati zai tsawaita ran mahaifinsa ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, inda saƙo ke zuwa kullum kuma akwai mai ɗaukar mataki a kansa, akwai kyakkyawan dalilin sa ran haka. Inda saƙo ke taruwa babu mai buɗewa, daidai yake da a ce ba a jona akwatin ba.

Batun taruwar ruwa a huhu, wadda raunin zuciya ke jawowa, ya ƙara nuna wannan. Wasu na'urori suna aika ɗan lantarki tsakanin wayar da jikin na'urar, su auna yadda yake ratsa ƙirji. Jiƙaƙƙen huhu ya fi busasshe saurin wuce da lantarki, don haka ana iya hango ruwa kafin mutum ya fara haki. Tunani ne mai kyau, amma da aka gwada shi shi kaɗai bai cika alkawari ba. A binciken DOT-HF an sa na'urar ta riƙa yi wa maras lafiya ƙara a ƙirji idan ma'aunin ya haura, sai kwanciya asibiti ta ƙaru maimakon ta ragu, domin ciwon huhu da wasu abubuwa ma suna motsa ma'aunin, kuma wanda ƙirjinsa ya yi ƙara hankalinsa ba ya kwanciya. Daga baya aka koma haɗa alamu da yawa wuri ɗaya: sautin zuciya, saurin numfashi, bugun dare, raguwar motsi, da ma'aunin ruwan. A binciken MultiSENSE irin wannan haɗi ya hango kashi 70 cikin 100 na tashin ciwon raunin zuciya, kimanin kwana 34 kafin ya kwantar da mutum. Wata guda lokaci ne mai yawa na gyara magani. Amma hangowa daban, a tabbatar da cewa hangowar ta hana kwanciya daban, kuma a kan na biyun har yanzu ana aiki.

Akwai ɓangaren da iyali ba sa gani, wanda kuma shi ne ke hana ma'aikata barci. Saƙonnin suna da yawa, kuma mafi yawansu ba sa bukatar a yi komai. Ƙananan na'urorin da ake sakawa ƙarƙashin fata domin naɗar bugu kawai, su ne suka fi yawan ƙararrawar ƙarya. Nas ɗin da ta buɗe saƙo hamsin marasa amfani tana iya gajiya kafin ta kai ga na hamsin da ɗaya, wanda shi ne mai muhimmanci. Ƙungiyar masana bugun zuciya ta Amurka ta ayyana sa ido daga nesa a matsayin abin da ya kamata a ba kowane mai na'ura tun 2015. A 2023 ita da takwarorinta na Turai da Asiya da Latin Amurka suka sake fitar da matsaya, a ciki suka ce ana bukatar cikakkun ma'aikata aƙalla 3 ga kowane maras lafiya 1,000. Suka kuma ba da shawarar a saita gargaɗin daidai da halin kowane mutum, a rage saƙonnin da ake turowa don cika ƙa'ida kawai. Asibitoci da yawa ba su kai wannan adadi ba, kuma wannan ya fi damuna fiye da kowane aibi na na'urar.

Daga ɓangaren gida kuwa, abin da ya fi kashe amfanin akwatin ƙaramin abu ne: an zare shi daga soket. Wani ya cire domin ya yi cajin waya ya manta, ko an share ɗaki an tura shi bayan kabad, ko Baba ya koma kwana a wani ɗakin. Akwatin yana son ya kasance kusa da inda yake barci, cikin taku biyu zuwa uku, a jone kullum, a wurin da sabis yake kamawa. Ɗaukewar wuta ta 'yan awoyi ba ta ɓatar da komai, domin rubutun yana nan a cikin na'urar, za a turo idan akwatin ya dawo. Amma makonni a kashe yana mayar da ku zamanin jiran ranar asibiti. Idan zai yi tafiyar da ta wuce 'yan kwanaki, a tambayi asibiti ko ya tafi da shi. Idan manhaja ce a waya, a bar Bluetooth a kunne, kada a rufe manhajar.

Mutane sukan tambaye ni ko wani zai iya shiga ta akwatin ya taɓa musu zuciya. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sabunta manhajar na'urori kusan 465,000 domin toshe wata kafa ta tsaro, kuma ta ce a lokacin ba a sami rahoton wanda aka cutar ta wannan hanya ba. Damuwar tana da tushe, ana kuma bibiyarta, amma ba ta kai nauyin karyewar waya da ba a gani ba. Ki kuma sani cewa likita ba ya sauya saitin ICD ta akwatin. Karatu kawai yake yi. Duk wani gyara sai Baba ya zo da kansa, shi ya sa zuwa asibiti ba ya ƙarewa gaba ɗaya, yawanci sau ɗaya a shekara ga wanda komai nasa ke tafiya daidai. Batirin da turo saƙon ke ci kaɗan ne, an yi lissafinsa tun wajen ƙira.

Idan kun koma asibiti, ki tambaye su wa ke buɗe saƙonnin Baba, a waɗanne ranaku, kuma cikin awa nawa za su kira idan gargaɗi mai tsanani ya shigo. Ki tambaya ko tasa na'urar tana turowa da kanta kowane dare ko sai an danna, da kuma ko za su neme ku idan suka ga akwatin ya yi shiru. Ki tabbata lambar da ke hannunsu ta wanda ke ɗaga waya ce, ki ba da ta biyu. Ku kuma fito da tsarin shokin a rubuce. Abin da aka saba faɗa shi ne: idan ya sha sau ɗaya kuma ya dawo daidai, a kira asibitin na'ura a ranar, za su iya cewa a danna akwatin a turo musu su gani. Idan ya sha sau biyu ko fiye cikin awa 24, ko sau ɗaya amma jiri ko ciwon ƙirji ko haki bai sake shi ba, sashen gaggawa kai tsaye, kuma ba shi ne zai tuƙa mota ba.

Wata uku ke nan da dasawar, don haka akwai abin da nake so ki yi tun kafin ranar komawa. Yau da dare ki duba ko fitilar akwatin tana kunne, gobe da safe ki kira asibitin ki tambaye su ranar da saƙon Baba na ƙarshe ya shigo. Idan suka ce jiya ko shekaranjiya, alhamdu lillahi. Idan suka ce ba su taɓa ganin ko ɗaya ba, to ba a kammala haɗa akwatin da na'urar ba, kuma wannan gyara ne na 'yan mintuna da za su iya bi da ke ta waya.